Baƙin da Ya Koma Toka: Yadda Na Gyara Launin Monitata

Gyaran hotunan biki ne sana'ata a nan Kano. Masu ɗaukar hoto suna kawo min memori cike da hotunan kamu da ɗaurin aure da dina, ni kuma in zauna in tace su, in daidaita haske da launi, in tsara albam, sannan a kai wa masu bugawa. Duk hukuncin da zan yanke a kan hoto, a fuskar monita nake yanke shi. In ta nuna min wuri ya yi duhu, sai in ƙara haske. In ta nuna launi ya yi sanyi, sai in ɗaga shi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko gaskiya take gaya min ba sai a watan Sha'aban na bara, lokacin da bukukuwa suka yi cunkoso saboda kowa yana son a kai amarya ɗakinta kafin azumi.

A tsakiyar wannan hada-hadar aka kawo wuta da ƙarfi wani dare, tsohuwar monitata ta ƙone. Washegari na shiga kasuwa na sayo ta hannu, inci 24, irin wadda ake kira IPS, mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye. Tsohuwar da wayar DVI nake haɗa ta da kwamfuta. Sabuwar ba ta da wannan ramin, HDMI da VGA kawai gare ta, don haka mai shagon ya haɗa min da wayar HDMI na taho.

Ina kunna ta na ga kamar an watsa wa fuskarta hazon hunturu. Hoton da na sa a bangon kwamfuta baƙi ne wuluk, amma sai ga shi ya zama ruwan toka. Jan da na sani jawur ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki da rana, fari kuma ya dushe. Na ce a raina ai ta hannu ce, ta riga ta sha aiki a wani wuri, sai haƙuri. Ayyuka uku ne a gabana, ba ni da lokacin bincike.

A nan na yi kuskuren da ya fi yi min ciwo. Na ci gaba da gyaran hotuna a kanta. Tunda ina ganin kowane hoto a koɗe, sai na riƙa jan baƙi ƙasa, ina ƙara ƙarfin launi, ina matse hoton har sai ya yi wa idona daɗi. Hotunan lafiyarsu ƙalau, monita ce take rage musu, ni kuma ina ta ɗura wa mai lafiya magani.

Albam ɗin farko da ya fito daga wurin bugawa na wata Hajiya ne, uwar amarya, kuma da kanta ta zo shago tare da mai hoton. Angon ya sa babbar riga ta shadda, shuɗiya mai duhu kamar ta fito daga marina, da aikin hannu aska takwas da aka yi da zare mai duhu shi ma. A hoton asali kana iya bin kowane ɗinki da ido. Hajiya ta buɗe shafin ɗaurin aure, ta kusanto da shi fuskarta, ta sake nisanta shi, sannan ta ɗago.

"Ɗan nan, ina aikin rigar ya tafi? Wata biyu aka yi ana ɗinkin nan."

Na karɓa na duba. Ƙirjin rigar ya zama dunƙulen baƙi guda, ba aska ba zare. Dattawan da suka zauna a inuwar rumfa kuwa fuskokinsu sun nutse, sai farin ido da hula. Baƙin lallen hannun amarya ya haɗe da inuwar mayafinta. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne, ki ba ni mako guda." Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye albam ɗin a kan tebur ta fita, kuma wannan shirun ya fi faɗa zafi.

Wannan abu ya fi shafar mu masu aiki da hotunan mutanenmu. Fatar baƙin mutum kyawunta yana cikin matakan duhu ne, tsakanin wankan tarwaɗa da baƙi mai sheƙi, da ɗan hasken da ke kwanciya a kumatu da goshi. Mai gyaran da monitarsa ba ta nuna masa duhu daidai ba, fuskokin mutane zai fara ɓatawa kafin komai.

Na fara zuwa wurin masu bugawa da zaton injinsu ne ya cika tawada. Yaron da ke kan kwamfutarsu ya buɗe fayil ɗina, ya nuna min ɗan zanen nan mai kama da tsauni da ke nuna yadda haske ya rarrabu a hoto. Duk tsaunin ya tattaru ya jingina da bangon hagu. Ma'ana tun daga shagona duhun ya mutu, su abin da na ba su suka buga. Na dawo jiki a sanyaye.

Kwana biyu na yi ina lalube. Na sayi wata wayar HDMI mai tsada, ba abin da ya canza. Na rage Brightness a jikin monita, sai komai ya dushe gaba ɗaya, tokar tana nan. Na ƙara Contrast har farar riga ta rasa ninkinta. Na shiga manhajar katin hoto, wato abin da ke cikin kwamfuta yana aika wa monita hoto, na ja ma'aunan haske can ma, abin ya ƙara dagulewa. A rana ta uku na ɗaure monitar a bayan babur na mayar wa mai shago. Ya haɗa ta da tasa kwamfutar da wayar VGA, sai ga baƙi ya fito ƙirin, ja ya fito jawur. Ya dube ni ya ce, "Oga, ka ga dai lafiyarta lau." Gani ya kori ji, ba ni da abin cewa. Na sake ɗauro ta na dawo, na haɗa, toka ta dawo.

Bayan la'asar na tafi gidan maigidana na farko, wanda ya koya min aikin. Tsohon ma'aikacin gidan talabijin ne, ya yi ritaya da daɗewa. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, na gaishe shi, na kwashe labari kaf na gaya masa. Tambaya ɗaya ya yi min.

"Da wace waya ka haɗa tsohuwar, da wace ka haɗa wannan?"

"Ranka ya daɗe, waccan DVI ce, wannan HDMI."

Ya gyaɗa kai. "To ba abin da ya lalace. Kwamfutarka tana auna wa monita da mudun talabijin, ita kuma tana karɓa da mudun kwamfuta."

Ya ɗauki tsinke ya ja layi a ƙasa. Ya ce kowane ɗigo a fuskar monita haɗin launi uku ne, ja da kore da shuɗi, kuma kowannensu yana da matakai 256, daga 0 zuwa 255. A wurin kwamfuta 0 shi ne baƙi, 255 shi ne fari. Amma injiniyoyin talabijin, tun da suka tsara bidiyon dijital a farkon shekarun 1980, ba su yi amfani da layin duka ba. Sun ajiye baƙi a 16, fari a 235, suka bar sarari a kowane gefe saboda siginar da ke ɗan zarce iyaka kada ta yanke. Har yau a kan wannan ma'aunin fina-finai da shirye-shiryen talabijin suke tafiya. Ita kuwa HDMI asalinta don talabijin da na'urorin kallo aka yi ta, kuma 1920 da 1080 a kan 60, wato hoto yana sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, yana cikin ma'aunan talabijin. Saboda haka idan katin hoto ya ga HDMI da wannan girman, yakan ɗauka talabijin ce a gabansa, sai ya matse komai ya aika tsakanin 16 da 235.

"Yanzu ka duba," in ji shi, yana nuna layin da tsinke. "Kwamfuta ta aiko 16, tana nufin baƙi. Monitarka tana jiran 0. Da ta ga 16 sai ta ce wannan toka ce mai duhu, ta nuna maka toka. Aka aiko 235 ana nufin fari, ta ce wannan bai kai fari ba, ta rage masa. Launukan da ke tsakani duk sun matsu, shi ya sa suka koɗe."

Nan take na gane dalilin da ya sa ta yi kyau a shagon mai sayarwa. VGA ba ta san wannan rabon ba, DVI ma cikakken ma'auni take aikawa, shi ya sa shekara da shekaru ban taɓa cin karo da matsalar ba. Kafin in tashi Malam ya ce kada in yarda da idona kawai, in yi wa kaina abin gwaji. Ya kuma ce, "Ka taɓa abu ɗaya, ka duba, sannan ka taɓa na biyu. Kada ka haɗa."

Da daddare, bayan na rufe ƙofar shago na kashe ƙwan da ke saman kaina, na fara da goge ɓarnar da na yi a kwanakin baya. Na mayar da monita yadda ta fito daga kamfani, na mayar da ma'aunan katin hoto inda suke tun farko. Sannan na buɗe Photoshop na yi shafi baƙi, 0 a duk launuka uku, na jera ƙananan murabba'ai ashirin a kansa: na farko 1, na biyu 2, haka har 20. Na yi wani shafin fari, 255, na jera masa murabba'ai daga 240 zuwa 254. Minti goma ya ɗauke ni, kuma shi ne kayan aikin da ya fi yi min amfani a duk wannan tafiya.

Na buɗe baƙin shafin ya cika fuskar monita. Murabba'an suna nan ana ganinsu, amma bangon da ya kamata ya zama baƙi yana haske kamar sararin sama gab da asuba. Na kara hannuna a gefen monita, baƙin robar da ta kewaye gilashin ya fi shi duhu nesa ba kusa ba.

Na shiga jerin saitin monita ina bi ɗaya bayan ɗaya, har na tarar da wani layi a can ƙasa mai suna Black Level, da zaɓi biyu, High da Low. Yana kan High. Na mayar da shi Low. Kamar an yaye labule: bangon ya faɗa cikin duhu, hoton amarya da na buɗe a gefe ya dawo da jininsa. Abin da Low ke nufi a wannan monita shi ne ta shirya karɓar ma'aunin talabijin, ta buɗe 16 ya zama baƙi, 235 ya zama fari. Bakin biyu ya zo ɗaya ke nan.

Da na tsaya a nan da an wuce wurin. Amma murna ta sa na manta gargaɗin Malam. Na buɗe manhajar katin hoton, na shiga inda ake canza girman fuska, sai na ga da idona abin da ya faɗa: an jera ma'aunan gida biyu, na talabijin a sama, na kwamfuta a ƙasa, kuma nawa yana cikin na talabijin. Daga ƙasa akwai wurin da aka rubuta Output dynamic range, yana kan Limited. Na mayar da shi Full na danna amincewa. Fuskar ta ɗauke na daƙiƙa biyu ta dawo. Hoton ya ƙara yin kauri, launi ya tashi, da kallon farko sai ka ce ya fi na ɗazu kyau.

Sai na koma kan shafin gwaji. Murabba'i na 1 zuwa na 16 sun ɓace ɗungurungum, daga wajen 17 ne ake fara hango wani abu. A farin shafi kuwa babu murabba'i ko ɗaya, fari fat. Na juya matsalar ce kawai: yanzu kwamfuta tana aiko cikakken ma'auni, monita kuma tana jiran na talabijin, don haka duk abin da ke ƙasa da 16 ta haɗiye shi ya zama baƙi, duk abin da ya haura 235 ya zama fari. Wannan ya fi na farko haɗari, domin koɗaɗɗen hoto kowa zai gane yana da matsala, amma wannan yana burge ido alhali yana ɓoye abin da ke cikin inuwa. Da ba don murabba'an nan ba da na kwana ina ganin na gama.

Na koma jikin monita na mayar da Black Level kan High. Kwamfuta Full, monita High. Bangon ya zauna baƙi, kuma da na bar idona ya saba da duhu na ɗan lokaci, na fara rarrabe murabba'i daga na 3, na 2 kuma sai na ƙura ido sosai. A farin shafi ina gani har 253. Na zauna shiru ina kallonsu.

Hanyoyi biyu ne ke ba da hoto daidai, ko duka ɓangarorin su tsaya a ma'aunin talabijin, ko duka su tsaya a cikakke. Na zaɓi cikakken ne saboda daga 16 zuwa 235 matakai 220 ne kawai, alhali ɗayan 256 ne. A kallon fim ba za ka damu ba, amma a hoton da bangonsa ke tafiya a hankali daga haske zuwa duhu, ƙarancin matakai yakan fito kamar layi-layi. Sunayen kuma sun bambanta. A katin Nvidia, Output dynamic range ne. A na AMD ana neman Pixel Format a zaɓi RGB 4:4:4 mai cikakken ma'auni. A na Intel kalmar ita ce Quantization Range. A jikin monitoci wasu suna rubuta HDMI Black Level, wasu RGB Range, wasu su ce Normal inda tawa ta ce High. Ban ga amfanin haddace wanne ne wanne ba, murabba'an za su nuna maka. Wanda kuma monitarsa ke da ramin DisplayPort, galibi da ita ba a cin karo da wannan rikici.

Sauran aikin ya zo da sauƙi. Na duba ko HDR, wato tsarin faɗaɗa tazarar haske da duhu, a kunne yake a Windows, domin shi ma yana koɗar da fuskar monitar da ba ta da ƙarfinsa. A kashe yake. Na kashe Night light da ke sa komai ya yi ruwan ɗorawa da dare. A jikin monita na kashe abin da ke canza haske da kansa gwargwadon hoton da ke kai, da na tsimin wuta, na zaɓi tsarin launi na sRGB, wanda farinsa yake kan 6500 a ma'aunin ɗumi da sanyin launi, kuma gamarsa (gamma, wato yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari) take wajen 2.2. Na rubuta dccw a wurin bincike na Windows, manhajar daidaita launi ta buɗe, na bi gwajin gamma, inda ake jan ma'auni har ɗigon da ke tsakiyar da'irori ya kusa ɓacewa.

Brightness ne ya ɗan tsayar da ni, domin na daɗe ina yi masa gurguwar fahimta. A tsohuwar talabijin mai ƙeya wannan maɓallin matakin baƙi yake ɗagawa ko saukewa. A monitar LCD kuwa fitilar da ke bayan gilashi yake ƙara wa ƙarfi, shi ya sa duk jan da na yi masa a kwanakin baya bai taɓa tokar ba. Masu aikin bugawa sukan so haske wajen kandela 120 a kowane murabba'in mita, wato ma'aunin ƙarfin hasken monita, ni kuwa ba ni da na'urar awo. Da safe na sauke labule, na riƙe farar takardar hoto kusa da farin shafi, na riƙa rage fitilar har haskensu ya yi kusa. Daga 100 da na same ta, na tsaya a 32. Kwanan farko ta yi min duhu, a na uku ido ya saba, ciwon kan da nake tashi da shi da yamma ma ya ragu.

Akwai abin da ban iya gyarawa ba, kuma na daina ƙoƙari. Idan na ajiye wayata kusa da monita a ɗaki mai duhu, baƙin waya ya fi zurfi, saboda fuskarta AMOLED ce, ɗigon da ya kamata ya yi baƙi kashe kansa yake yi gaba ɗaya. IPS tana da fitila a baya da ba ta mutuwa, tazarar farinta da baƙinta wajen 1000 ne a kan 1, wata irin monitar LCD da ake kira VA kuma takan kai wajen 3000. A kusurwoyin tawa akwai ɗan haske mai ruwan azurfa da ke bayyana idan na matso kusa ko na kalla daga gefe. Halittarta ce haka. Na ɗan ja kujera baya, na sa ƙaramin ƙwai mai sanyin haske a bayan monita yana haska bango, sai ido ya daina lura da shi.

Bayan Sallah na sabunta manhajar katin hoto, washegari na ga hazon ya dawo. Wannan karon minti ɗaya ya ɗauke ni: saitin ya koma Limited, na mayar da shi. Tun daga nan shafukan gwajin nan biyu suna kan fuskar kwamfutata, ina buɗe su kafin in fara kowane sabon albam.

Hotunan Hajiya kuwa na koma kan na asali, waɗanda suka fito daga kyamara, na watsar da duk gyaran da na yi a baya na fara daga farko. Abin da suke buƙata kaɗan ne ƙwarai. A hoton ɗaurin aure ban taɓa baƙi ba sam, inuwa kawai na ɗan ɗaga saboda dattawan rumfa. Na sake buga shafi goma sha ɗaya da kuɗina, na kira masu sauran ayyukan biyu na ce su dakata kada a buga nasu tukuna.

Ranar da mako ya cika na kai mata albam ɗin har gida. Ta karɓa ta nufi bakin taga, ta buɗe shafin nan kai tsaye ba ta bi ta kan sauran ba. Ta ɗora yatsa a ƙirjin rigar tana bin askar ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi tana ƙirgawa. Da ta kai ta takwas ta ɗaga murya ta kira wata yarinya daga tsakar gida ta ce ta kawo min ruwa.

"Ɗan nan," ta ce, ba ta ɗago daga kan hoton ba, "wannan shafin ka ƙara buga min guda, babba, a sa a firam. Gidan su angon za a kai."